Kwamfutar Auta Ta Shiga Hannun Injiniya

Ranar Litinin da hantsi Injiniya ya shigo shagona. Kujerar aski ma bai kalla ba, sanarwa ya kawo. Ya tsaya gaban madubi yana gyara kwalar riga, ya ce kafin Asabar zai mayar da kwamfutar ƙanwarsa jirgin sama, daga nan kuma zai buɗe shagon gyara a bakin titi, mu masu yi masa dariya sai mun bi layi kafin mu ga fuskarsa.

Na ce, "Wai wace makaranta ce ta ba ka injiniyancin nan? Kullum sai in manta."

"Mai aski, ilimi ba a takarda yake ba."

"Gaskiya ne. Rediyona da ka gyara ma ba a takarda yake ba, yana kwandon shara."

Sunan Injiniya shi ya raɗa wa kansa, tun ranar da ya canza wa wata tocila batir ta kama. Daga nan ya sami baƙar jaka ya rataya. Na taɓa leƙa cikinta: sukundireba uku, ɗaya ba shi da baki, sai tef, sai tsohon burushin goge haƙori.

Ƙanwar tasa ita ce Auta. Bango ɗaya ya raba falonsu da shagona, saboda haka duk abin da zan faɗa ko na gani ko na ji. Auta tana aiki a kantin magani, in ta taso kuma sai tseren mota a kwamfuta. Ta ɗaure sitiyari a teburin falo, ta ajiye feda a ƙasa, shekara biyu tana abu ɗaya har hannunta ya faɗa. Ta tsallake matakai uku na wata gasa ta intanet, saura na ƙarshe ranar Asabar da ƙarfe huɗu: mota takwas, zagaye goma sha biyu, ukun farko ne kawai za a ɗauka zuwa babbar gasa. Wanda ya faɗi sai baɗi.

To sati biyu ke nan kwamfutar ta ɗauko wani hali. Akwai wata lamba a kusurwar allo da ke nuna hoto nawa take zanawa a sakan ɗaya. In tana kan sittin, mota na tafiya sumul. Minti goman farko haka take. Daga nan sai lambar ta fara zubewa, arba'in, ashirin, tara. Hoto ya cije, mota ta tsaya cak, ta yi tsalle, kafin ka ƙifta ido ka gan ta rungume da katanga. Auta ta ɗora laifin a kan sabon gyaran da masu wasan suka turo, ta ce za ta kai ta kasuwa a duba.

Injiniya ya dafe ƙirji. "Kasuwa? Ina raye?"

Mama ta ce, "Ki bar yayanki ya gwada mana. Kada ki kunyata shi a layi."

Mama tela ce, kekenta ma a falon yake, kuma Allah ya yi ta da ƙin ganin abu tsirara. Talabijin yana da riga. Firij yana da riga. Fankar tsaye tana da riga. Rimot ma yana da 'yar tasa mai leshi a baki. Sati biyu da suka wuce ta sunkuya shara, ta ga akwatin kwamfutar a ƙarƙashin tebur ba sutura, ranta ya ɓaci. Ta ɗauko ragowar yadin labule mai kauri ta ɗinka masa, har da shafi, ta bar 'yar taga daidai makunni. Duk mun gani, har muka yaba ɗinkin.

Da yammacin Litinin ɗin Injiniya ya kama aiki. Ya jawo akwatin tsakiyar falo, ya tuɓe masa riga ya rataye a kujera, ya kwance murfin gefe, ya kafa kunne kamar likita. Ya daɗe yana gyaɗa kai.

"Ƙwayar cuta ce. Ina jin motsinta."

Ya sauko da manhajar share-share har guda uku, wai in ɗaya ta yi barci biyu su yi gadi. Sannan ya bi duk fayil ɗin da bai gane sunansa ba ya goge. Cikin waɗanda bai gane ba har da hotunan samfurin ɗinki na shekara huɗu da Mama take nuna wa masu kawo mata aiki. Ya kunna wasan, akwati a buɗe, ya ce Auta ta hau. Minti biyar lamba na kan sittin ko gezau.

"Kun gani? Wannan fa da hannun hagu na yi."

Ya rufe murfi, ya tura akwati ƙarƙashin tebur, Mama ta mayar masa da rigarsa tana ƙunƙunin hotunanta. Ina share gashi a shago na ji Auta ta fara atisaye. Na duba agogo. Minti goma cif na ji ƙarar mota ta daki katanga, sai murya ta ratso bango.

"Yaya!"

Ranar Talata ya ce ai dama ya sani, intanet ce. Ya bi gida-gida yana roƙon mutane su riƙa kashe waya daga huɗu zuwa biyar, don wai wayoyinmu ne ke shanye wa ƙanwarsa iska. Wata tsohuwa a ƙarshen layi ta ce ita tata wayar ko hoto ba ta ɗauka, ya ce irin su ne ma suka fi haɗama. Daga nan ya ɗaure 'yar na'urar intanet ɗin nan mai ƙahoni biyu a kan gora, ya ce sai an kai ta sama. Saman da ya zaɓa kuwa rumfar shagona ce.

Na ce, "Sauko. Kwanon nan ya girme ka."

"Na auna nauyina da ido."

Ina tsakiyar yi wa Bakanike, mai gyaran mota a layinmu, aski, na gama gefe ɗaya, sai ƙafar mutum ta ɓullo ta rufi har gwiwa. Kafin in ce wani abu sauran jikin ya biyo, da gora, da ƙahoni biyu. Ya sauka a kan bencin jira. Ban san lokacin da na ɗauki tsintsiya ba. Sai da Bakanike ya riƙe ni ta baya, rabin kai da gashi rabi babu, yana cewa in bari a gama askin tukuna sai mu dake shi tare.

Injiniya ya karkaɗe wando ya ce, "Da ma ina so in gwada ƙarfin kwanon. Na jabu ne. Ka gode mini."

Ya koma gida, ya jawo akwati, ya tuɓe masa riga don ya soka doguwar waya ta baya. Aka gwada, sittin. Aka mayar da riga. Minti goma, katanga.

Auta ta ce, "Yaya, ko na cire intanet gaba ɗaya ina atisaye ni kaɗai, haka take yi."

"Ta saba ne. Kwamfuta akwai riƙo."

Ranar Laraba ni da Bakanike muka shiga falon, ni don in yi maganar rumfata, shi don ya ga abin da ya jawo masa kwana da rabin aski. Ya tsaya ya kalli yadda lambar ke zubewa, ya sosa ƙeya.

"Ni dai a tawa sana'ar, injin da ke tashi lafiya sai ya yi tafiya ya fara tari, zafi ne."

Injiniya ya yi dariya har da buga cinya. "Ka ga lagireto a jikinta? Ko in ɗebo maka ruwa ka zuba mata? Malam, wannan aikin ƙwaƙwalwa ne, ba na kwanciya ƙarƙashin mota ba."

"To Allah ya ba da sa'a."

"Sa'a ta marasa ilimi ce."

Ya shiga saitin wasan ya bi duk abin da ke sama ya sauke shi ƙasa. Inuwa ta tafi. Bishiyoyin bakin hanya suka tafi. 'Yan kallon da ke cikin wasan suka watse kamar an yi ruwa. Motocin da a da kana ganin fuskarka a jikin fentinsu suka koma kamar sandunan sabulu.

Auta ta matso da fuska kusa da allo. "Wacce ce tawa a ciki?"

"Sabulun tsakiya."

"Ina hanya, ina ciyawa?"

"Direban ƙwarai da zuciya yake tuƙi."

Ba zan ci haƙƙinsa ba, wannan gyaran ya yi aiki. Ranar sai da aka yi minti goma sha uku kafin sabulun tsakiya ya daki katanga.

Ranar Alhamis ya shigo shagona yana magana ƙasa-ƙasa, wai bayan dogon bincike ya gano abin da babu wanda ya taɓa tunani: zafi ne. Na ce ai Bakanike ya faɗa jiya. Ya ce na Bakanike zafin jahilci ne, nasa na kimiyya. Ashe wani bidiyo ya kalla, data ta ƙare masa a tsakiya.

Ya kwance ƙarfen da ke zaune a kan ƙwaƙwalwar kwamfutar yana tsotse mata zafi. Ya tarar da wani mai toka-toka a tsakaninsu, wanda masu ƙera ta suka shafa da gangan don zafin ya riƙa wucewa. Ya kira mu mu shaida ƙazanta. Ya kankare shi tas da burushinsa, ya shiga banɗaki ya fito da man goge baki.

Auta ta ce, "Yaya, don girman Allah."

"Karanta jikin kwalin. Me aka rubuta? Sanyi mai ɗorewa. Ni na rubuta?"

Ya matsa, ya shafa, ya mayar da ƙarfe. Sannan ya kalli 'yar fankar da ke bayan akwatin, wadda kwana biyun nan take ihu kamar za ta tashi sama, ya ce hayaniyarta ce ke raba wa kwamfutar hankali. Ya cire ta ya jefa a jaka. Da ya rufe murfi kusoshi huɗu suka rage a ƙasa. Ya tattara ya zuba a aljihu, ya ce nauyin banza ne, masu kamfani ne ke cika su don a ga sun yi aiki.

Abin da ya ɗaure mana kai ya faru ne ranar Juma'a. Auta ta yi atisaye awa ɗaya cur, lamba ba ta motsa daga sittin ba. Na kasa kunne a bango ina jiran ƙarar katanga, shiru. Da na leƙa ta taga na ga rigar akwatin a shanye a igiya tana ɗiga, Mama ta haɗa ta da labule ta wanke, amma wallahi ban kawo komai a raina ba. Auta da kanta ta fito ta ce, "Yaya, na gode," kamar ana zare mata haƙori.

Ranar layinmu bai huta ba. Injiniya ya gayyaci kowa kallon gasa, har tsohuwa mai wayar haɗama. Ya auna wani shago da taku. Ya ce mini in na yi haƙuri zai ɗauke ni mai share masa wuri. Sannan ya je ya durƙusa gaban Mama, ya ce aiki irin wannan bai kamata ya fita gaban jama'a da yadin labule ba. Ta ɗauko rigar akwatin ta ɗora mata karan-miski ja a sama, ta zauna ta ɗinka rubutu da zare ruwan gwal, manyan baƙaƙe: GYARAN INJINIYA.

Asabar ƙarfe uku da rabi falo ya cika. Waɗanda ba su sami wuri ba suka toshe taga da kawunansu, iska ko ta shaƙa babu. Injiniya ya ɗauko akwatin daga ƙarƙashin tebur ya ɗora a sama inda kowa zai karanta, ya zura masa rigar da hannunsa, ya shafe ta, ya ja ƙasanta ta rufe ko'ina ruf. Ya yi ɗan jawabi a kan muhimmancin ƙwararru.

Ƙarfe huɗu aka saki motoci. Auta ta fita ta biyu, kafin a gama zagayen farko ta karɓe gaba. Falo ya ɗauki ihu, ko da yake rabin mutanen ba su san wane sabulu suke goya wa baya ba. Zagaye na biyu, na uku, na huɗu, tana gaba. Injiniya ya harɗe hannu ya jingina da tebur yana kallon mutane maimakon allo.

A zagaye na biyar na ga lambar ta yi rawa. Hamsin da biyu. Arba'in.

Bakanike ya ɗaga hanci. "Wai wa ke goge baki a nan?"

Ƙamshin na'ana'a ya cika falo. Talatin. Ashirin da biyu. Motar Auta ta cije a kwana, ta yi tsalle, biyu suka wuce ta.

"Waya!" in ji Injiniya. "Wa ya kunna waya? Baba, miƙo taki!"

Tsohuwa ta cusa wayarta a zani ta ce ya zo ya ɗauka in ya isa. Ya juyo kaina, wai na bar injin aski a jone. Na ce injin aski na aljihuna, in yana so in jona masa a ka. Goma sha biyar. Sai ga ɗaya daga cikin manhajojin nan uku masu gadi ta buɗo taga a tsakiyar allo, tana albishir cewa ta gano matsala ɗari huɗu da goma sha biyu. Auta ta leƙa ta gefen tagar tana tuƙi, wasu uku suka wuce. Injiniya ya miƙa hannu zai taɓa madannai.

Ko juyowa ba ta yi ba. "Yaya, in ka taɓa, na rantse ba ni ba kai har abada."

Ya janye hannu. Ita ta kai yatsa ta rufe tagar. Zagaye na bakwai, lamba tara, Auta ta takwas cikin takwas. Falo ya yi tsit, sai ƙarar sitiyari da numfashinta. Na ga hawaye ya taru mata, amma ba ta saki feda ba.

Mama ce ta kutso daga kicin tana shaƙar iska, don ita ƙauri take ji a ƙarƙashin na'ana'ar. Ta ɗora tafin hannu a kan karan-miskin, ta janye da sauri kamar ta taɓa dutsen guga.

"Yadina! Za ku ƙona mini yadi!"

Ta cafki rigar ta fizge. Murfin gefe, da yake kusoshinsa huɗu suna aljihun Injiniya, ya biyo rigar ya faɗi ƙasa ƙwal. Wani huci ya bugo mu kamar an buɗe tanda. Bakanike bai tsaya neman izini ba, ya tuɓe wa fankar tsaye tata rigar, ya kunna ta, ya saita ta cikin akwatin. Ni kuma na kori masu toshe taga.

Goma sha biyu. Ashirin. Talatin da biyar. Mutane suka fara karanta lambar da ƙarfi kamar 'yan aji. Hamsin. Sittin!

Abin da yarinyar nan ta yi a zagaye biyar ɗin da suka rage, ni da ban san wasan ba sai da na miƙe tsaye. Ta bakwai. Ta shida. A zagaye na goma ta bi ta tsakanin biyu, ban san ta inda ta ga hanya ba, ta zama ta huɗu. Zagayen ƙarshe ta manne wa na uku a baya har kwanar ƙarshe, shi ya buɗe kaɗan, ita ta shige ta ciki. Da tsinin hanci ta riga shi.

Ta uku. An ɗauke ta.

Ihun bai gama kwantawa ba Injiniya ya hau kan kujera. "Jama'a, kun ga amfanin lissafi? Da gangan na bar kusoshin nan. Na san a zagaye na bakwai murfin zai buɗe kansa."

Auta ta saki sitiyari, ta goge fuska, ta miƙe.  Ta sa wasan a atisaye, ta kawar da fanka, ta jingina murfi, ta karɓi rigar daga hannun Mama ta zura wa akwatin. Da yake bai gama hucewa ba, ko minti huɗu ba a yi ba jama'a suka fara ƙirgen sauka: hamsin, talatin, goma sha takwas. Ta cire. Aka yi ƙirgen hawa. Ta sake zurawa, rubutun gwal yana kallon kowa. Sauka. Ta cire. Hawa.

Bakanike ya ce, "Ashe lagireton ne aka sa wa bargo."

Na ce, "To ƙwayar cutar fa? Da intanet? Da rumfata?"

Injiniya ya sauko daga kujera a hankali yana neman takalminsa.

Mama tana jujjuya yadinta tana duba ko ya ƙone, ta ce, "Ni dai na lura tun farko, in na sa masa rigar sai ya yi ta gurnani, in na cire ya yi shiru. Jiya ma da na wanke ta ai lafiya lau ya wuni."

Auta ta zaro ido. "Mama! Me ya hana ki faɗa?"

"Wa ya tambaye ni? Gida da injiniya."

Tsohuwa mai waya ce ta fara dariya, daga nan ba wanda ya iya tsayawa da ƙafarsa.

Ranar Litinin Auta ta ɗauki akwatin ta kai kasuwa da kanta, aka wanke man goge bakin, aka shafa na gaskiya, aka mayar da fankar baya da kusoshi huɗu. Bishiyoyi suka dawo, motoci suka daina kama da sabulu. Injiniya kuwa kwana biyu kacal ya yi a ɗaki. A na uku ya leƙo shagona, ya ɗaga kai ya kalli ramin da ke rufi, ya ce in na shirya zai zo da kayan aiki ya gyara mini, kyauta.

Ban kai ga ɗaukar tsintsiya ba ya tafi ɗauko jakar. Sai na ji muryarsa ta bango yana kiran Mama. Ashe ta ce yadi mai kyau irin wannan ba zai zauna a banza ba, ta duba duk gidan ta ga abu ɗaya ne ya rage tsirara. Ta zura wa baƙar jakar rigar karan-miskin, rubutun gwal a gaba, ta bi bakin da keke sau biyu. Wannan karon ko 'yar taga ba ta bari ba.